Shin Karyewar Zuciyar Manomi Raunin Tawakkali Ne?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda da Shehu Ahmadu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyass da sauran waliyyan Allah baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwana almajirai, ni ba malami ba ne. Ɗalibi ne a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ɗan wani ƙauye kusa da Cikal a ƙasar Kurfai. Akwai tambayar da ta daɗe tana cin raina, na ga ya dace in shimfiɗa ta a gabanku, in na yi kuskure manya su gyara mini. Idan manomi ya rasa amfanin gonarsa, bashi ya hau kansa, zuciyarsa ta karye har ya daina barci, ya daina cin abinci, ya daina zuwa wazifa, shin raunin tawakkali ne ya same shi? Mu kuma da muke zama da'ira ɗaya da shi, mene ne ya hau kanmu?

Wanda bai san ƙasarmu ba, bari in ɗan kwatanta masa. Filinge tana wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a cikin kwarin Dallol Boso. Damina ɗaya gare mu, wata uku zuwa huɗu, kuma abincin shekara gaba ɗaya yana rataye a kanta: hatsi da wake a kan tudu, sai ɗan abin da aka samu a fadama. Dattawanmu da yunwa suke lissafin shekaru. Za ka ji sun ce an haifi wane bayan ta 1973, an yi auren wance a cikin ta 1984, ga kuma ta 2005 da ta biyo bayan farin ɗango da ƙarancin ruwan 2004. Daminar 2021 ma ta zo da babban giɓi, har aka ƙiyasta mutum miliyan 4.4 za su rasa isasshen abinci a Nijar a tsakiyar 2022. A kan wannan sai ga rashin tsaro. Ranar 15 ga Maris 2021 aka kashe mutum 58 a yankin Banibangu, maƙwabtanmu na arewa, galibinsu suna dawowa daga kasuwa. Ranar 16 ga Agusta na shekarar aka kashe 37 a Darey-Dey, da yawansu suna cikin gonakinsu. Tun daga nan manomi yake noma hannunsa na kan hauya, kunnensa na sauraren ƙarar babur.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, mai shekara hamsin da ƴan kai. Fiye da shekara ashirin shi yake shimfiɗa farin ƙyalle a wazifar garinmu, shi yake naɗe shi. A kakar 2021 bai haɗa dami ashirin ba a gonar da ya saba ɗaure fiye da ɗari. Ya sayar da tumakinsa, ya ci bashin hatsi a hannun wani ɗan kasuwa, daga baya ya jinginar da gonarsa ta fadama. Babban ɗansa ya tafi cirani Libiya, waya ta yi shiru wata da watanni.

Da na zo hutu a watan Yuli na 2022, sai na tarar da shi zaune a ƙofar ɗakinsa da hantsi, lokacin da kowane namiji yake gona. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Na gaishe shi, na zauna, sai na buɗe abin da na haddace. Na yi masa bayanin falalar haƙuri, na kawo masa darajojin tawakkali, na tunatar da shi cewa arziki a hannun Allah yake. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, duk abin da ka faɗa na san shi tun ba a haife ka ba. Ba Allah nake tuhuma ba. Gajiya na yi. In na ɗauki carbi sai in manta inda na tsaya."

Da yamma matarsa ta ja ni gefe. Ta ce da dare ba ya runtsawa, kuma sau biyu ta ji yana cewa da ma ya kwanta kada ya tashi. Ta ce gorar maganin ƙwarin da ya saya don wake ta ɗauke ta, ta kai ajiya gidan maƙwabta, ba ta gaya wa kowa dalili ba saboda kunya. A gari kuwa kowa da fassararsa. Wasu sun ce iska ce ta taɓa shi a gona, wasu sun ce sammu ne. Mu masu ɗan karatu muka ce yaƙininsa ne ya yi rauni. Yau in na duba, fassararmu ta fi sauran zafi, domin su sun ɗora laifin a kan aljani ko maƙiyi, mu kuwa mun ɗora shi a kan mara lafiyan kansa.

To bari mu auna wannan hukunci namu da ma'aunin da muka yarda da shi.

Annabi Yaƙuba (A.S) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, ƴaƴansa suka ji tsoron zai halaka. Alƙur'ani ya ba mu labarin, bai zarge shi ba, shi ne ma wanda ake buga misali da kyakkyawan haƙurinsa. Shugaban halitta (S.A.W), wanda babu mai tawakkali kamarsa, shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu malaman tarihi sun sa mata suna shekarar baƙin ciki, kuma ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Nana Maryam. Lokacin da naƙuda ta kama ta ita kaɗai a gindin dabino, ga ciwo ga tunanin abin da mutanenta za su ce, ta yi burin da ma ta mutu kafin wannan rana. Wannan fa zaɓaɓɓiyar Allah ce. Me aka mayar mata? An kira ta aka kwantar mata da hankali, aka nuna mata ruwa a kusa da ita, aka ce ta girgiza dabino ta ci ta sha. Lallashi, da ruwa, da abinci. Ni kuwa da na tarar da kawuna a irin wannan ƙunci, wa'azi na kai masa hannu rabbana.

Sai ma'anar tawakkalin kanta. Imamu Gazali ya yi dogon bayani a kanta cikin Ihya'u Ulumiddin, kuma abin da na fahimta shi ne tawakkali hali ne na zuciya, dogaro ga Allah, wanda ba ya kore riƙo da sababi, har da neman magani. Wane ne ya san wannan fiye da manomin Kurfai? Mutumin da yake ɗebo irin da ya hana ƴaƴansa ci, ya binne shi a busasshen rairayi tun ruwa bai sauka ba, ya koma gida yana kallon gabas. Shekara talatin kawuna yana yin haka. Ni da nake cin abinci a jami'a ko an yi ruwa ko ba a yi ba, ni ne zan koya masa dogaro ga Allah? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma mu tuna Shehu Ibrahim (R.T.A) da kansa, da jikinsa ya yi rauni, ya je neman magani har Landan, a can Allah Ya karɓi ransa a 1975. Ba mu taɓa jin wani almajiri ya ce wannan ya rage masa daraja ba.

Wani ɗan'uwa zai ce: ai mutanen tafarki sun san wannan hali, shi ne ƙabdu, ƙuncin da yake sauko wa mai suluki, maganinsa ladabi da jira har basɗu ya zo. Gaskiya ne akwai ƙabdu, kuma shehunai ne masanansa. Amma ba kowane ƙunci ne ƙabdu ba, kamar yadda ba kowane zafin jiki ne zafin zikiri ba, wani zazzaɓin cizon sauro ne. Malamanmu na farko ma sun bambance. Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda sababinsa sananne ne, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda yake danne mutum ba tare da dalili bayyananne ba, wanda ya danganta shi da jiki ya ce yana buƙatar magani. Likitocin yau suna kiran abin ciwon damuwa, kuma sun ba da alamominsa: ƙunci ya wuce mako biyu ba ya ɗagawa, barci ya lalace, abinci ya fita rai, abin da mutum yake so da ya daina yi masa daɗi, tunani ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, har ya fara son mutuwa. Yakan fara da asara ta gaske, kamar ta kawuna, sannan ya zauna ya zama ciwo mai zaman kansa. Shari'a ta yarda mara lafiya ya yi salla a zaune, ta yarda ya sha azumi ya rama. Don me za mu yi wa mai ciwon ƙafa uzuri, mu hana mai wannan ciwo?

Wani kuma zai ce: kana nufin zikiri ba magani ba ne? Allah Ya tsare ni da faɗin haka. Alƙur'ani ya tabbatar mana ambaton Allah yana natsar da zukata, kuma duk wanda ya taɓa zama a zikirin Juma'a ya ɗanɗani hakan. Sai dai ka lura da maganar kawuna: yana ɗaukar carbi ya manta inda ya tsaya. Ciwon ya kama hannun da zai ɗauki maganin ne. In ka ce masa ya ƙara lazimi alhali wanda ke kansa ma ya gagare shi, ka ƙara masa laifi a kan ciwo, ya koma yana ganin Allah ma Ya kore shi. Irin wannan mutum zikirin ƴan'uwansa ne yake ɗaukarsa. A zo a zauna kusa da shi a yi, ko bai buɗe baki ba.

Akwai ƙalubale na uku, wanda abokaina na jami'a suke kawowa, kuma yana da nauyi. Suna cewa wannan ba ciwo ba ne, talauci ne, ƙwayar magani ba ta cika rumbu. Rabin maganarsu gaskiya ce. Duk wanda zai yi zancen lafiyar zuciyar manomi bai yi zancen bashi da jingina da tsadar tiya ba, wasa yake yi. Sayyidina Umar (R.T.A) a shekarar fari da ake kira Ramada, shekara ta 18 bayan Hijira, ya yi roƙon ruwa, amma bai tsaya nan ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, Amru ɗan Asi ya aiko, ya ciyar da mutanen ƙauye da suka kwararo Madina, ya dakatar da yanke hannun wanda yunwa ta sa shi sata, shi kansa ya haramta wa bakinsa nama da man shanu har launin jikinsa ya canja. Manzon Allah (S.A.W) kuma ya yabi Ash'ariyawa saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai. Amma ɗaya rabin maganar ya kuɓuce wa abokaina. Na ga mutum biyu da asara iri ɗaya, ɗaya ya tashi ya tafi cirani, ɗaya ya kasa fita ƙofar gida. Wanda ciwo ya riga ya kama, ko ka cika masa rumbu ba lalle ya tashi ba. Hatsi da magani da ƴan'uwantaka, duka ukun ake buƙata.

Abin da ya koya mini wannan ba littafi ba ne, muƙaddamin garinmu ne, dattijo wanda bai taɓa shiga makarantar boko ba. Da na kai masa labari, bai ce komai ba. Bayan isha'i ya ɗauki sandarsa ya tafi gidan kawu, ya zauna a tabarmarsa, suka yi shiru tare. Dare na biyu ya koma. A dare na uku ne ya tambaye shi: "Malam, bashin nan nawa ne?" Sannan ya tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin cutar da kansa. Kawu ya yi kuka, ya faɗa masa komai.

Washegari bayan wazifa muƙaddami ya ce ɗan'uwanmu ba shi da lafiya, ciyawa ta ci gonarsa, ranar Asabar akwai gayya. Bai faɗi irin ciwon ba. Ya ce mai tiya ya kawo tiya, mai rabi ya kawo rabi. Ya je da ƙafarsa wurin mai bashin ya tunatar da shi umarnin Allah na a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, aka ɗaga biya zuwa kaka. Sannan ya shiga mota tare da kawu zuwa Filinge wurin likita, domin ya san in wani ne ya ce a je, kawu zai ce an mayar da shi mahaukaci. An duba shi, an ba shi magani, an sa masa ranakun komawa.

Ba zan ce muku an yi karama dare ɗaya ba. Sai wajen Mauludi, ana cikin girbi, kawu ya fara dawowa wazifa, yana zama a baya ba ya ɗaga murya. Gonar fadama har yau ba a fanshe ta ba. Amma yana raye, yana noma, kuma farin ƙyallen ya koma hannunsa. Da zan koma Yamai na je sallama, na gaya wa muƙaddami kunyar da nake ji game da wa'azin da na yi. Ya ce: "Ɗana, tawakkali kanka za ka tambaya. Ɗan'uwanka kuwa hidima yake binka."

Wannan ita ce amsar tambayata. Haƙuri da tawakkali tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, ba mu da ma'aunin da za mu auna na wani. Abin da za a tambaye mu shi ne namu: shin mun zama sababin da Allah Ya taimaki bawansa da shi, ko mun ce masa "a yi haƙuri" don mu samu hanyar tashi? Sau da yawa kalmar nan gaskiya ce, amma muna faɗinta ne don mu sauke nauyi daga kanmu.

Kuma nauyin ya fi hawa kanmu mu mutanen zawiya, saboda dalili bayyananne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƴan kaɗan ne, galibinsu a Yamai, kuma mutumin ƙauye in ya ji an ambaci sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, wanda ake kira Pavillon E, abin da yake zuwa masa a rai shi ne mutum ɗaure da mari. Shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane irin waɗannan cututtuka su fara magance su. A Zimbabuwe wani likita mai suna Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitocin Harare suna sauraren masu damuwa, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Su sai da suka kafa benci. Mu muna da tabarma tun kaka da kakanni. Wace hukuma ce take ganin manomi kowace rana kamar yadda da'irar wazifa take ganinsa? In ya ɓace kwana uku, mu ne farkon masu sani.

Saboda haka ina roƙon ƴan'uwa abubuwa kaɗan. Wanda ya daina zuwa, a bi shi gida kafin a yi masa fassara. A saurare shi fiye da yadda za a yi masa magana, kuma abin da ya faɗa amana ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In ya ambaci mutuwa, kada a ce masa "kai, daina saɓo" a rufe zancen. A tambaye shi a fili cikin taushi, domin masana sun tabbatar tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi likita ba da jinkiri ba, ko da ana yi masa addu'a da rubutu. A kuma nisanta shi da maganin ƙwari, kamar yadda matar kawuna ta yi da basirarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ne suke kashe kansu kowace shekara, kusan kashi ɗaya cikin biyar ta hanyar maganin ƙwari, kuma a Siri Lanka da aka hana sayar da mafi haɗarinsu adadin ya faɗi ƙwarai. Mun san kisan kai haramun ne babba. Sanin haka kamata ya yi ya sa mu gaggawa zuwa ga ɗan'uwa tun yana raye, hukuncin wanda hankalinsa ya rinjayu kuwa a bar wa Allah.

Kada mu manta da mata, waɗanda ake bari da yara da rumbu wayam duk rani in maza sun tafi cirani, su ba su da ma inda za a lura sun ɓace. Wannan aikin malamai mata ne da muƙaddamai mata, kuma muna da abin koyi a aikin da Sayyada Ummul Khairi ƴar Shehu Ibrahim ta yi na tara mata da ilmantar da su a Kiyota. Haka samarin da suke shan tiramol don su iya aikin ƙarfi ko su manta da damuwa, zagi bai taɓa raba kowa da ita ba. Zakkar hatsi kuma, ushirin da ake fitarwa a kaka, a tuna cewa wanda bashi ya danne yana cikin waɗanda Allah Ya ambata a masu cin ta. Muƙaddami ba likita ba ne, likita ma ba muƙaddami ba ne, amma babu abin da zai hana kowace zawiya ta san likitan da ya fi kusa da ita.

Ya ɗan'uwana, yau in an shimfiɗa ƙyalle, kafin ka runtse ido ka duba da'irar. Wane ne ya saba zama a nan, yau kwana nawa ba ka gan shi ba?

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya yaye wa duk mai ƙunci ƙuncinsa, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya dawo da matafiya gida lafiya. Ya yafe mini abin da na faɗa wa kawuna cikin rashin sani, Ya sa mu zama masu hidima ga bayinSa, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W). Amin.